Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓar Sake Shafin Kasuwanci ko Yi Masa Gyara

Ɗan kasuwa yakan wayi gari ya ji shafinsa na intanet ya gundure shi, musamman idan ya leƙa na abokin hamayyarsa ya tarar da sababbin launuka da hotuna masu motsi, sai ya kira mai gina shafuka ya ce a rushe a sake sabo. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin gajiyar idon mai shafi ba ita ce damuwar mai saye ba. Wanda ya shigo neman farashin shadda ko turmin atamfa, abin da ya dame shi shi ne shafin ya buɗe kafin datarsa ta ƙare, ya ga farashi, ya sami lambar da zai kira. Saboda haka, kafin a yanke shawara, ya kamata mai shafi ya ari ƙaramar waya irin wadda akasarin abokan cinikinsa suke riƙewa, ya gwada sayen kayansa da kansa tun daga shiga har biyan kuɗi, yana rubuta duk inda ya yi tuntuɓe.

Mafi yawan abin da wannan gwaji yake tonowa ba ya buƙatar sabon gini. Shafin da yake jan ƙafa wajen buɗewa, sau da yawa hotuna ne suka yi masa nauyi, domin an ɗora su yadda waya ta ɗauke su, kowanne megabayit 4 ko 5, alhali in an rage girmansu an mayar da su tsarin WebP, wato tsarin hoto marar nauyi, nauyin zai ragu sosai ba tare da ido ya ga bambanci ba. Manhajar PageSpeed Insights ta Google kyauta ce, tana nuna abin da yake jawo jinkiri, kuma ma'aunin kamfanin shi ne babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Haka kuma gargaɗin rashin tsaro da Chrome yake nunawa tun watan Yulin 2018 a kan shafukan da ba su da HTTPS, wato tsarin da ke kare bayanai tsakanin baƙo da shafi, takardar shaidar tsaro ce maganinsa, kuma wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta. Tsohuwar lambar waya da maɓallin WhatsApp da ya daina aiki kuwa, gyaran yini guda ne.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen, waɗanda suke ta faci a kan faci saboda tsoron kashe kuɗi a dunƙule. Idan shafi tun asali don kwamfuta aka tsara shi, har sai mai waya ya riƙa jan rubutu da yatsu biyu kafin ya karanta, to matsalar a harsashi take, kuma Google ya kammala komawa duba shafuka ta fuskar waya a 2023. Haka lamarin yake idan shafin da manhajar gina shafuka ta WordPress aka yi shi, kuma yana kan samfurin zane da masu shi suka daina sabuntawa, ko yana dogaro da PHP 7.4, manhajar da ke tafiyar da shafin, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro a watan Nuwamban 2022. Alamar da na fi yarda da ita mai sauƙi ce: idan duk gyaran da aka yi sai ya ɓata wani wuri, a tara kuɗin facin shekara guda a kwatanta da kuɗin sabon gini.

Wanda ya tabbatar sabon gini ya wajaba, babban haɗarin da ke gabansa shi ne canza adireshin shafuka ba tare da an haɗa tsoho da sabo ba. Adireshin kowane kaya ya riga ya bazu a rukunonin WhatsApp da Facebook, wani ma an buga shi a jikin leda da katin kasuwanci, kuma Google ya san shi. Ranar da aka buɗe sabon shafi, duk wanda ya bi tsohon adireshi sai ya ci karo da saƙon 404 mai cewa ba a sami shafin ba, matsayin da aka yi shekaru ana ginawa a sakamakon bincike kuma ya zube. Gyaran shi ne a rubuta dukkan tsofaffin adireshi tun kafin a fara aiki, a sa wa kowanne umarnin 301 mai tura baƙo zuwa sabon wurinsa, sannan a riƙa duba Google Search Console, manhajar da ke nuna matsalolin da Google ya gani a shafi, makonni bayan buɗewa don kamo waɗanda suka kuɓuce.

Abin da ake yawan mantawa, ko gyara za a yi ko sabon gini, shi ne a binciki sunan wanda aka yi wa rajistar adireshin shafin. Masu gina shafuka da dama da sunansu da imel ɗinsu suke yin rajista, ko .com ne ko .ng da ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin intanet na Nijeriya, kuma mai kasuwanci ba ya farga sai ranar da ya so canza ma'aikaci. A mayar da rajistar zuwa sunan mai kasuwancin, a karɓi kalmomin sirri na wurin ajiyar shafin, a kuma kwafi shafin gaba ɗaya a adana kafin kowa ya taɓa komai.