Yadda za ka tsokani sunayen kayan IKEA ba tare da ka taɓa yaren mutane ba

Akwai wani gadon yara da kamfanin kayan ɗaki na ƙasar Suwidin, IKEA, ke sayarwa, sunansa KURA. Wallahi haka yake rubuce a jikin kwalin, da manyan baƙaƙe. Ranar da yayata ta turo hotonsa a guruf ɗinmu na gida daga Jidda ta ce ta saya wa autanta, kafin minti biyar an cika guruf da "to Hajiya kin kai yaro bakin kura da kanki", ƙaninmu kuma ya ce ai gara wannan, shi akwatin kayan da ya gani MALM aka rubuta, wato Malam ake zuba wa kaya a ciki. Mun sha dariya. Daga baya ne wata 'yar ɗan'uwanmu da ke karatu a Turai ta ce wai a can ana gardama ko irin wannan raha cin fuska ce ga masu yaren. Ni dai a ganina ana iya yin ta lafiya lau, amma akwai yadda ake yi.

Fara da sanin me sunan ke nufi kafin ka buɗe baki. Yawancin masu wannan barkwanci sun ɗauka kamfanin haruffa kawai yake watsawa kamar an zubar da gero, alhali kusan duk sunan da ka gani kalma ce ta gaske ko sunan wuri ko na mutum. Wanda ya kafa kamfanin a 1943, Ingvar Kamprad, yana ɗan shekara 17 a lokacin, yana da matsalar nan ta rikicewar haruffa da lambobi wajen karatu, lambobin kaya ba sa zama masa a kai, shi ne ya koma laƙa musu sunaye. Shi kansa IKEA ɗin harafin farko ne na sunansa biyu, da na gonar da ya tashi Elmtaryd, da na ƙauyensu Agunnaryd. Kuma abin da tsari: gadaje da kabad na kaya galibi sunayen wuraren Norwe ake ba su, kujerun falo garuruwan Suwidin, kayan banɗaki tafkuna da koguna, labule da yadi sunayen mata, kujeru da teburan lambu tsibirai. Kantar littattafan nan BILLY da ta fito a 1979 sunan wani ma'aikacinsu ne. KURA ɗin da muke wa dariya, a yarensu kalmar na nufin mutum ya duƙunƙune ya lafe, ka ga kuwa ya dace da gadon yaro. MALM kuma dutsen da ake haƙo ƙarfe a cikinsa ne, akwai ma wani ƙauye mai sunan a Norwe. Idan ka san wannan barkwancin naka ya fi armashi, don yanzu kana da ma'ana biyu da suka yi karo.

Wannan karon shi ne wurin da ya fi aminci, can za ka tsaya. Kofunan roba da farantan yara sunansu KALAS, a Suwidin walima ke nan, duk wanda ya taɓa zuwa Saudiyya kuma "kalas" zai ji, an gama, ba sauran tuwo. Akwai fitilar tebur FADO, kai da jin sunan ka san ba za ka ajiye ta a bakin tebur ba. Babu wanda aka rena a nan, yare biyu ne suka haɗu a kan hanya. Su ma Turawan Ingila abin da suka yi ke nan da wani ɗan teburin aiki na yara mai suna FARTFULL, a Suwidin "mai gudu" yake nufi, a kunnen Bature kuma tusa ce cike. Kamfanin da kansa ya san da wannan, lokacin da zai buɗe shago a Bankok, babban birnin Tailan, a 2011 sai da ya sa 'yan Tailan suka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, don wasu kamar gadon REDALEN suna kama da kalmomin batsa a yarensu.

Ka koyi furucin ko da kaɗan ne, sannan ka yi wa harshenka dariya. Baƙaƙensu 29 ne, ukun ƙarshe å ä ö haruffa ne masu zaman kansu, ba ado ba ne aka ɗiga wa a da o. Å ɗin nan kusan "o" ake faɗinsa, don haka kifin wasan yara BLÅHAJ "blohai" ne, shuɗin kifin shak. K kuma in ta zo gaban ö sai ta koma kamar "sh", ƙwallon naman da suke sayarwa a shagon, köttbullar, da "sh" yake farawa. Ka gwada faɗi a bidiyo, harshe ya harɗe, ka ce "ni Bakano ina ni ina wannan", kowa zai yi dariya har ɗan Suwidin ɗin. Abin da ba na so shi ne wanda zai ɗauko kalmar Hausa ko Turanci ya barbaɗa mata ɗigo-ɗigo a ka ya ce ga yaren Suwidin. Mu fa mun san haushin ganin an rubuta ƙasa a matsayin kasa, ko ɗaki ya koma daki, don wani yana ganin ƙugiyar nan ƙawa ce kawai.

Inda abin ke lalacewa shi ne in ka bar sunan kujera ka koma kwaikwayon bakin mutane. Akwai wani ɗan tsana mai dafa abinci a shirin Muppets na Amurka tun shekarun 1970, wai shi ɗan Suwidin ne, ba ya faɗin komai sai surutai marasa ma'ana, har yau in ɗan ƙasar ya ce ga inda ya fito sai wani ya yi masa wannan kukan a fuska. Sau ɗaya abin dariya ne, sau ɗari fa? Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, duk wanda ya zauna Legas ko Fatakwal ya san yadda ake ji in ka faɗi kuɗin kaya wani ya maimaita maka "pipti naira" yana kallon abokansa. Kuma kar mu yi kamar mu tsarkaka ne, kalmar gwaranci da muke faɗa wa duk maganar da ba ta fita, daga sunan wata al'umma muka ciro ta, mutanen da ke da yarensu cikakke.

Sai ka duba waye kai a wajen wanda kake tsokana. 'Yan Suwidin da 'yan Norwe da 'yan Denmak suna yi wa juna tsiya kamar Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Nufawa, irin wasan da Nijar ta kai har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. A 2008 jaridun Denmak sun yi ta cece-kuce wai an ba kujeru masu tsada sunayen garuruwan Suwidin, su kuma garuruwansu sai darduma da tabarmar goge ƙafa. Tsakaninsu wannan ya wuce, taubasai ne. Kai da ba ka cikin wasan, kar ka ɗauki sandar da ba taka ba. Gaskiya dai yaren Suwidin ba abin tausayi ba ne, mutum wajen miliyan 10 ke yinsa, ƙasa mai arziki, babu wanda ke hana ɗansu aiki don lafazinsa, shi ya sa tsokanar ba ta da zafi kamar a yi wa ƙaramin yare da ake danne masu shi. Amma rashin zafi ba lasin ba ne na ka ce yaren mutane kukan kwaɗi ne.

In kana son abin da za ka harba ba tare da fargaba ba, harbi kamfanin. Shi ya ɗauki sunan wani kyakkyawan tafki, Bolmen, ya laƙa wa burushin wanke masai, har a 2021 hukumar yawon buɗe ido ta Suwidin ta yi kamfe a kai, aka kafa allo a bakin tafkin da ke cewa wurin nan ya wuce burushin masai. Ka tuna a ce wani kamfani ya sa wa buta suna Tiga ko Bagauda. Ga kuma takardar haɗa kayan da ba rubutu sai zanen wani mutum yana murmushi, da ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da za ka yi ta murzawa har yatsa ya yi kanta, ka gama ka ga ragowar kusoshi biyu a ƙasa. Yayata ta ce KURA ɗin sai da ya cinye musu yini guda ita da maigidan, autan kuma daren farko ya ƙi hawa, don yayyensa sun riga sun gaya masa sunan gadon.