Fim ɗin bincike a Kanon da: kurakuran da suka ishe ni

Duk matashin da ya kawo mini labarin kisa ko sata da ya ce ya faru a Kano zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin mulkin Turawa, kafin shafi na goma na san mai laifin. Kowa a labarin Bahaushe ne, sai Bayarabe ɗaya ko Ibo ɗaya mai gurɓatacciyar Hausa, kuma shi ne ɓarawon. Haba! Mai kallo ba yaro ba ne. In baƙo ɗaya ne tak, ai an gama bincike tun ɗan doka bai ɗaura ɗamara ba.

Kuma ku marubuta, ƙarya kuka yi wa garin. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ba a jima ba aka kafa Sabon Gari ta cika da akawuna da ma'aikatan reluwe daga kudu, ga Kwarori, 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, da kantunansu wajen Fagge. Cikin ganuwa ma akwai Yarbawan Ayagi, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Larabawan Dandalin Turawa. Ni kafin in rubuta layi ɗaya sai na ba kowane mutum unguwa da sana'a da wanda yake binsa bashi. Baƙi kuma aƙalla uku: wani shaida, wani shi aka cuta, wani ko goronsa kawai yake sayarwa.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, don ya ci mini kuɗi. Mace a rubutunku ko gawa ce ko mai kuka. Da aka yi ƙorafi sai wasu suka zarce. A wani aiki mai kuɗin fim ya kafe sai an sa mace sufeto cikin kaki tana ba 'yan doka oda a 1935, ba mai ko ɗaga gira. Aka ɗinka kaya, aka ɗauka, ranar da dattawa suka kalla dariya suka yi ta yi. Rabin aikin aka zubar.

Alhali ga matan nan a tarihi da ikonsu. Ɗan doka iyakarsa zaure, gidan matan aure ba shiga. Wa ke wucewa har ƙurya? Dillaliya. Murjanin da aka sace, da tasoshi, da zannuwa, ta hannunta za su bi, ta kuma san amaryar da ta sayar da kayan ɗakinta a ɓoye. Ga jakadiya a fada, ga ungozoma, ga 'yar talla da ke jin komai ba mai lura da ita. Ku ba ɗayansu binciken, ku bar mata takurar zamaninta, a ga yadda za ta kai magana gaban alƙali.

Kada ku share bayi don kunya. Sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa, kuma shaidar bawa ba ɗaya take da ta ɗa ba.

Ku daina sa Di'o, wato Baturen mulki na gunduma, ya warware komai a minti na ƙarshe. Abin da tafinta ya ga dama shi yake ji.

Gurɓata Hausar baƙo don a yi dariya, a bar shi haka nan. Wanda aka haifa a Ayagi ya fi ku Kananci.

Naira kuwa sai 1973, don haka ladan mai tsegumi sule ne ko sisi.