Kurakuran da samarinmu ke yi wajen sayen taswirar jirgi a Jidda

Na gaji da ganin samarinmu suna tara riyal, su sayi ɗan jirgin kamun kifi, su ɗora masa allon nuna taswira mai inci 12, sannan su fita daga Abhur, mashigin tekun da ke arewacin Jidda, kamar masu bin titin Madina. Gara a yi maganar a fili.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne yarda da allo ɗari bisa ɗari. GPS yana nuna inda jirginka yake, kuma da wuya ya kauce fiye da 'yan mitoci. To amma wa ya ce maka sha'ab, wato tudun murjanin da ke ƙarƙashin ruwa, yana daidai inda aka zana shi? Tun 1829 wani Baturen Ingila, Robert Moresby, ya fara awon Bahar Maliya, da igiya da dalma. An sake auna hanyoyin manyan jirage masu shiga Jidda da Yanbu, amma lungunan da muke bi neman kifi, wasu awonsu tsoho ne. Kamfani ya kwaso shi, ya shafa masa launi, ya sayar maka a kati. Ga murjanin nan namu a tsaye yake tasowa: na'urar auna zurfi tana nuna mita 40, kafin ka ƙifta ido ka ji ƙarar dutse a ƙarƙashinka.

Haka na rasa farfela da ƙafar inji wata la'asar, rana tana dukan fuskata, allo kuwa yana cewa ruwa mai zurfi ne. Kuɗin gyaran ya ninka na na'urar. Tun daga nan ba na kutsawa tsakanin sha'ab sai daga hantsi zuwa azahar, rana a bisa kaina ko a bayana, da mutum tsaye a goshin jirgi sanye da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. Shuɗi mai duhu, wuce. Kore-kore, rage gudu. Ka ga ruwa ya koma ƙasa-ƙasa, ja da baya, kada ka tsaya gardama da abin da idonka ya gani. Ina kuma ɗora hoton tauraron ɗan'adam a kan taswira cikin OpenCPN, manhajar da kyauta ce, domin a ruwa mai garau irin namu hoton yakan fito da murjanin da taswira ta rasa. Hanyar da na bi na fito lafiya kuma, ajiye ta nake yi.

Na biyu yana ƙona mini rai, don na ganganci ne. Taswirar lantarki irin ta Navionics da C-MAP tana ɓoye ƙananan abubuwa idan ka janyo hoton nesa. Sai yaro ya ja layi daga nan zuwa garin Rabig a allo guda, ya ga shuɗi zalla, ya ce hanya ta yi. Haba ɗan'uwa! A ranar 29 ga Nuwamba 2014 jirgin tsere Vestas Wind ya hau kan murjanin Cargados Carajos a tekun Indiya cikin dare, da ƙwararru a ciki, kuma rashin matso da hoton yana cikin abin da ya ja musu. Su ke nan, balle kai da ka fara fita bara. Ni kafin in kwance igiya sai na bi layin tun daga farkonsa har ƙarshe, hoton a matse, ko da zai ci mini rabin awa.

Sai maganar na'urar kanta. Kwamfutar cinya ta ofis ba ta jure gishiri da jijjiga, kuma da tsakar rana ba ka ganin komai a allonta. Idan dole sai da ita, bar ta a inuwa don tsara tafiya; abin da zai zauna gaban sitiyari ya zama mai lambar IPX7, wato mai jure ruwa. Masu iPad su sani, wadda ba ta ɗaukar layin waya ba ta da GPS a cikinta, kuma a zafin Agusta takan ɗauke kanta daidai lokacin da kake bukatarta.

Kada ka sayi kati kafin ka tabbatar na'urarka tana karanta shi, don ba kowane allo ke karɓar kowane kati ba. Sauke taswira a waya tun kana gida, intanet yana yankewa da ka yi nisa da gaɓa. Tsofaffin taswirorin da ake kwafa wa juna a filashi, ba shekara ba sabuntawa, ni ba na ɗora raina a kansu. Allo kuma a ba shi nasa fis, in da hali da batir na biyu, kada kunna inji ya riƙa kashe shi.

A 'yan shekarun nan ana samun katsalandan ga siginar GPS a Bahar Maliya, har jirgi ya ga kansa a kan tudu alhali yana tsakiyar ruwa. Saboda haka kamfas da taswirar takarda ba sa barin jirgina, kuma duk awa ina rubuta inda nake da fensir. Wanda bai iya wannan ba, ya nemi wani dattijon matuƙi ya zauna da shi kafin fitarsa ta gaba.