Farautar ajiya da GPS a Akra: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Wasan geocaching ba shi da wuyar ganewa. Wani zai ɓoye 'yar roba mai murfi a wani wuri, ya sa lambobin wurin a shafin Geocaching.com, kai kuma ka buɗe manhaja a wayarka ka bi GPS har ka gano ta, ka sa hannu a takardar da ke ciki, ka mayar yadda ka same ta. A Amurka aka fara shi, ranar 3 ga Mayun 2000, jim kaɗan bayan gwamnatin ƙasar ta daina dagula siginar GPS da take bai wa farar hula da gangan. Wani mai suna Dave Ulmer ne ya ajiye baƙin bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar a intanet. Yau irin waɗannan ajiyoyi sun haura miliyan 3 a duniya. Namu na Ghana ba su da yawa, shi ya sa kowace ɗaya da ta lalace asara ce da ake ji.

Babban kuskure a nan shi ne ɗaukar shawarar da aka tsara don dazukan Turai a kawo ta unguwannin Akra irin su Nima ko Mamobi. Can ana cewa ka yi nema a ɓoye, kada wanda ba ya wasan ya gan ka. A Akra kuwa babu wurin da ba shi da mai shi. Gindin bishiya akwai mai koko da ƙosai, jikin katanga akwai mai gyaran takalmi, ƙarƙashin rumfa akwai dattawan da suka fi shekara talatin suna zama a nan. Baƙon da ya zo yana kallon waya, yana leƙa bayan bango, yana cusa hannu a rami, yana waige-waige, mutanen unguwa ba za su ɗauke shi mai wasa ba. Ko dai su ce ɓarawo ne mai leƙen asiri, ko su ce asiri ya zo binnewa. Kuma duk wanda ya san garin nan ya san abin da ihun ɓarawo ke jawowa kafin a tsaya jin bayani.

Gyaran shi ne sallama. Ka je wurin babban da ke zaune kusa, ka rusuna ka gaishe shi, ka ce: "Baba, ina wuni? Wani wasa muke yi da waya. An ajiye 'yar takarda a nan, zan sa hannu in mayar." Ka nuna masa taswirar a wayarka. In mace ce mai sayar da wake da shinkafa, ka ce mata Hajiya ko Mama, ka sayi ko ruwan leda ne. Sau da yawa ma sun daɗe da sanin abin, su ne ke gadinsa ba tare da an sa su ba. Waɗanda za ka yi hattara da su yara ne: in sun ga inda ka zaro robar, kafin magariba ta zama abin wasansu. Ka ɗauka, ka matsa gefe ka yi rubutunka, ka jira hankalinsu ya koma kan ƙwallo sannan ka mayar. In wurin ya cika da jama'a, ka haƙura ka dawo wata rana.

Akwai kuma kuskuren lambobi, wanda ƙasarmu ta fi wasu saurin jefa mutum a ciki. Layin Greenwich, wanda ya raba duniya gabas da yamma, ta Tema ya ratsa. Don haka lambobin Akra suna farawa da W, wato yamma, misali N 05° 33 da W 000° 12, amma da ka wuce Tema ka nufi Prampram sai su koma E. Wanda ya kwafi lambobi da hannu ya sa E a gurbin W, wayarsa za ta nuna masa wuri mai nisan sama da kilomita 40, cikin teku. Haka nan shafin wasan yana rubuta digiri da mintuna, taswirar Google kuwa ta fi nuna digiri da ɗigo zalla, 5° 33.000 ba ɗaya ba ne da 5.33. Adireshin GhanaPostGPS da aka fara a 2017 shi ma tsari ne daban, ba ya shiga akwatin lambobin wasan. Mafi sauƙi ka taɓa ajiyar a cikin manhaja ta kai ka da kanta.

Sababbi kan yarda da waya har taku na ƙarshe. GPS na waya yakan kauce da mita biyar ko goma, ya fi haka a ƙarƙashin manyan bishiyoyi irin na lambun Aburi ko tsakanin dogayen gine-gine. In ta ce saura mita goma, ka sa ta a aljihu ka tambayi kanka: da ni ne, ina zan ɓoye? Ka karanta bayanin ajiyar tun daga gida, ka duba girmanta, don wata ba ta wuce kan ɗan yatsa ba, maƙale da maganaɗisu a jikin ƙarfe. Ka duba taurarin wahala da na yanayin hanya, daga 1 zuwa 5, ka fara da masu tauraro ɗaya ko biyu. Kada ka cusa hannu a ramin da ba ka haska ba. Kunama da maciji su ma suna son irin wuraren nan.

Ladabin abin da ke cikin roba gajere ne. In ka ɗauki wani abu, ka bar wanda ya kai shi daraja ko ya fi. Ban da abinci, ban da alewa ko goro, domin tururuwa da ɓera za su gama da ajiyar cikin mako. In ka ga ɗan ƙarfe ko kwabo mai lambar bibiya a jiki, ba kyauta ba ce. Mai shi ya sake shi ne ya yi yawon duniya daga ajiya zuwa ajiya, yana bin labarinsa a intanet. Ka rubuta a shafin cewa ka ɗauka, ka kai shi wata ajiyar cikin mako biyu ko uku, kuma kada ka sa hoton lambar a Facebook. Ka riƙa tafiya da bironka, ƙananan ajiyoyi ba su da wurin biro, kuma in babu sa hannunka a takarda mai ajiyar yana da ikon goge iƙirarinka na ganowa.

Abin da ya fi damuna shi ne jin kunyar cewa ba a samu ba. Mutum ya yi awa guda yana nema, ya koma gida shiru. Alhali akwai alamar DNF, wato "ban samu ba", da aka tanada a shafin don haka, kuma ita ce ke sanar da mai ajiya cewa wataƙila ruwa ya tafi da ita. Mutum uku su yi shiru, na huɗu ya hau motar haya ta trotro daga Kasoa ya sha cunkoson hanya a kan abin da babu shi. In ka samu takarda ta jiƙe ko murfi ya tsage, ka sa alamar neman gyara. In ba ka samu komai ba, kada ka ajiye taka robar a madadinta ka ce ka gano. Kuma in ka samu, rubuta jimla biyu game da tafiyarka, ba tare da ka tona maɓoyar ba, ko da hoto.

Masu son ɓoye nasu, su fara gano na wasu da dama tukuna. Dokokin shafin a fili suke: tazarar aƙalla mita 161 tsakanin ajiya da ajiya, ba a haƙa ƙasa, ba a talla, kuma sai da izinin mai wuri. Bokitin Ulmer rabinsa a binne yake, har da gwangwanin wake a ciki. Yau masu tantance sababbin ajiyoyi a shafin ba za su amince da ko ɗaya ba. Batun izini kuwa, a garin da rikicin fili ke kai mutane kotu da asibiti, ba abin rainawa ba ne. A zango ka nemi mai gida ko mai unguwa, in ya kama har sarkin zango. A lambun Legon ko na Aburi ka nemi masu kula da wurin. Ka nisanci makarantu, filin jirgin saman Akra, barikin Burma Camp da fadar shugaban ƙasa ta Jubilee House, inda roba a ɓoye za ta iya tayar da jami'an tsaro. Ka nisanci maƙabarta, harabar masallaci da coci, da wuraren tsafin mutanen Ga ko na Asante. A yankin Kumasi, kusa da fadar Manhyia ta sarkin Asante ko bakin tafkin Bosomtwe da Asantawa ke girmamawa, tambaya ta zama dole. Wuri irin tafkin nan, wanda faɗowar dutse daga sama ta haƙa kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya fi dacewa da nau'in EarthCache, wanda babu roba a cikinsa, sai tambayoyi kan yanayin ƙasa da mai ziyara zai amsa.

Sai zaɓen mazubi. Gwangwanin madara yana tsatsa, kuma masu tsintar ƙarfe za su kwashe shi. Robar ayis-kirim rana na fasa ta. Ka sayi roba mai murfin da ke kullewa, ka sa takardar cikin leda, ka rubuta a jiki da Turanci cewa kayan wasa ne, ba haɗari. Kada ka ajiye kusa da kwata ko a kwari, domin ruwan Mayu da Yuni a Akra ba ya barin komai a ƙasa. Ka zaɓi wurin da ke kan hanyarka ta yau da kullum, inda za ka iya leƙawa bayan kowane babban ruwa, kuma in za ka bar gari na dogon lokaci ka damƙa ta ga wani ɗan wasa ko ka rufe shafinta ka ɗauke robarka.