Yadda zaka yawata gari a ƙasar waje ba tare da tasi ta cinye maka guzuri ba

Toh jama'a, yawanci wanda ya shirya tafiya hutu ƙasar waje lissafinsa biza ne da tikitin jirgi da otal, sai ya sauka sannan ya tuna ai yawon cikin garin ma kuɗi ne, kuma in dai tasi zaka riƙa kira safe da yamma wallahi kafin sati ya zagayo aljihu ya ji jiki. Ni dai bas da tiram (ɗan jirgin da ke bin layin dogo a kan titin cikin gari) da jirgin ƙasa nake bawa mutane shawara, ga sauƙi, kuma a cikinsu ne ake ganin garin da mutanensa yadda suke.

Tun kana gida ka binciko da me ake biyan kuɗin mota a garin da zaka, don kowane gari da katinsa. Landan Oyster, Istanbul Istanbulkart, Dubai Nol, Faris Navigo, Tokyo Suica ko Pasmo. Kati ne kake zuba masa kuɗi ko tikiti a inji, sai ka riƙa ɗora shi a ƙofar shiga yana cira. Kada ka ce ai zaka miƙawa direba kuɗi a hannu, bas ɗin Landan tun 2014 suka daina karɓar tsabar kuɗi. A can katin banki irin wanda ake ɗorawa kawai ba sai an zura ba shima yana yi, ko wayarka, amma fa ka tambayi bankinka tukuna ko katin zai yi aiki a waje da kuma abin da suke cira na canji.

Inda baƙi suke asarar kuɗi ba su sani ba shine wajen fita. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan sai ka ɗora kati lokacin shiga ka sake ɗorawa lokacin fita, kuma da abu ɗaya, in ka shiga da waya ka fita da katin roba injin ɗauka yake tafiya biyu ce da ba'a kammala ba ko da kuwa asusun ɗaya ne, sai a caje ka mafi tsada. A bas kuma sau ɗaya ne, wajen hawa. In ka riƙe kati ɗaya wuni guda akwai iyakar da in kuɗin ya kai ba'a ƙara cire maka komai a ranar, ka ga kenan canja kati ba ƙaramar asara bace.

Barlin kuma wani tsarin ne daban, babu ƙofa babu mai tare ka, sai ka ɗauka kyauta ne. Ba kyauta bane! Tikitin takarda sai ka zura shi a ɗan injin nan da ke bakin dandamali ya buga masa lokaci, haka ma a Italiya a bas da jiragen yanki. Wanda ba'a buga ba daidai yake da babu, masu dubawa kuma sau da yawa cikin kayan gida suke shigowa, kuma wai ni baƙo ne ban sani ba bata hana tara.

Taswirar jirgi kallon farko tana da ban tsoro amma abu uku kawai kake nema, layinka da lambarsa ko launinsa, inda zaka sauka, sai tashar ƙarshe ta ɓangaren da ka nufa. Na ukun nan shine sirrin. A Faris misali layi na 1 ƙarshensa ɗaya La Défense ɗaya Château de Vincennes, allon ba zai ce maka gabas ko yamma ba, sunan ƙarshen zai rubuta. In ka hau ka ga tasha ta gaba ba ita kake tsammani ba ka sauka ka tsallaka ɗaya ɓangaren, shikenan. A Niyok da Tokyo ka lura akwai mai tsayawa kowace tasha akwai mai gudu da ke tsallake wasu.

Daga filin jirgi ma yawanci akwai hanya, Heathrow na Landan akwai layin Piccadilly da layin Elizabeth da aka buɗe a 2022, Charles de Gaulle na Faris akwai jirgin RER B. Sai dai gaskiya in kana da akwatuna manya ga yara ga tsohuwa, ranar kam hau tasi kawai. Jirgin Landan tun 1863 yake, na Faris tun 1900, tashoshi da yawa matakala ce zalla babu lif, zaka ji a ƙugunka.

Yanzu ɓangaren da nafi so. Motocin nan na 'yan yawon buɗe ido masu buɗaɗɗen sama ba laifi, amma sau da yawa motar gari tana bin hanyar da kuɗin tikiti na kullum. Bas mai lamba 100 a Barlin yana tashi daga tashar Zoo zuwa Alexanderplatz ya bi ta wajen majalisarsu da titin Unter den Linden. A Istanbul ka hau jirgin ruwa daga Eminönü zuwa Üsküdar ko Kadıköy da katinka ɗin nan, ka bar Turai ka sauka Asiya kana kallon hasumiyoyin masallatai ta kan ruwa, in da hali kayi shi dab da magariba. Jirgin ruwan Staten Island a Niyok kyauta ne ma gaba ɗaya kuma ta kusa da mutum-mutumin 'yanci yake wucewa. Tiram 28 na Lisbon yana da kyau sosai amma cunkoso ba'a magana, sammako ake masa, kuma jaka a gaba don 'yan sane sun san nan baƙi suke.

Dokokinsu kuma a kiyaye. Metiro na Dubai da na Singafo ba'a ci ba'a sha a ciki, tara ce, a Dubai akwai taragon mata da yara namiji ya shiga shima tara. Matakala mai tafiya da kanta a Landan dama ake tsayawa, Tokyo hagu. Ka bari masu sauka su sauka, kuma ka guji lokacin zuwa aiki da tashi in ba dole ba.

Google Maps da Citymapper suna nuna layi da lokaci, amma taswirar da ka sauke don amfani babu data bata bada hanyar bas da jirgi, don haka ka ɗau hoton hanyar tun kana otal. Ka duba lokacin jirgin ƙarshe don yawancin garuruwa wajen sha biyu zuwa ɗayan dare suke tsayawa, in da waya kake biya ka fita da fawa bank, sannan ka rubuta sunan otal ɗinka da tashar da ke kusa da shi a takarda ka sa a aljihu.