Yadda Ake Zaɓar Ban Ɗakin Jirgin Su

Masunci a dam ɗin Tiga ko Challawa ko dausayin Haɗejia da Nguru yakan kwana kan ruwa, kuma ruwan da yake zagayawa a ciki shi ne abin shan ƙauyukan gaɓa. Ta kashi kwalara ke yaɗuwa. Tsargiya kuwa ƙwanta na fita cikin fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, tsutsar ta shiga katantanwa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Tun 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko da ta bar bahaya a fili, amma jirgi kan ruwa har yanzu sai mai shi ya yi wa kansa dabara.

Kafin ka sayi komai, ka san inda za ka juye. Dokar MARPOL, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan hana jirage gurɓata teku, ta yarda manyan jiragen teku su zubar da ɗanyen ƙazanta in sun yi nisan mil 12 na teku daga gaɓa, amma a dam da kogi babu irin wannan nisan. Sai a tara, a kai tudu. A haƙa ramin juyewa aƙalla mita 30 daga rijiya ko bakin ruwa, inda ambaliyar Agusta ba ta kaiwa, kuma gindinsa ya fi ruwan ƙasa tsayi da mita 1.5. A fadama wannan kan tilasta a gina ramin sama a kan tudu.

Ga kwale-kwale, bokitin fenti na lita 20 mai murfin da ke kamawa ya wadatar. A ɗaure shi a bayan jirgi, nesa da kwandon kifi da ƙanƙara, a zuba toka ko garin katako a gindinsa, duk wanda ya yi ya rufe da gwangwani ɗaya na toka. Fitsari a jarka daban, don haɗuwarsa da kashi ce ke tayar da wari. Bayan an juye, a wanke da bilic mai ƙarfin kashi 3.5, awo 1 cikin awo 6 na ruwa.

Jirgi mai inji da ke kwana biyu ko uku da ma'aikata shi ya cancanci masai mai famfon hannu da tanki. A nan ake yin kuskuren lissafi, domin takardun da ke zuwa da kayan ba su san da buta ba. Mutum kan yi fitsari kimanin lita 1.5 a yini, kowace korar masai da ruwa na cin lita 1 zuwa 2, ga ruwan tsarki. Ka ware wa kowa lita 10 a yini: mutum 4, kwana 2, lita 80 ke nan, sai ka sayi tankin lita 100. Na roba mai kauri za ka saya, fitsari na cinye na ƙarfe. Tiyon shigar ruwa milimita 19, na fita 38, kowace mahaɗa da maɗauri biyu marasa tsatsa. In masan yana ƙasa da fuskar ruwa, a lanƙwasa tiyon ya hau sama da ita da ɗan bawul ɗin shan iska a ƙololuwa, in ba haka ba ruwa zai zuƙo da kansa ya cika jirgin da dare.

Wari in ya dame ka, fara duba bututun iskan tanki. Zanzaro na son gina ɗakinsa a bakinsa, tanki kuma in bai sha iska ba sai ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai. In famfo ya yi tauri, kachala ko kainuwa ce ta toshe rariyar shigar ruwa. In ƙazanta na dawowa cikin kwano, bawul ɗin roba mai bakin agwagwa ne ya saki. Ka riƙa ajiye na canji. Kada a zuba bilic ko man dizal a masan, suna lalata robobin, kuma leda ko tsumma ɗaya ya isa ya kashe famfon.