Yadda ɗanka zai fara karatun malanta tun yana sakandare a Ohayo

Wanda ya riski zamanin TC, wato kwalejin horon malamai, a gida ya san yadda ake ɗauko yaro ɗanye shakaf a koya masa riƙe alli har ya fito da Grade II. A Amurka babu wannan, sai da digiri da lasin jiha ake damƙa maka aji. Amma akwai wata ƙofa da iyaye da yawa a cikinmu ke wucewa ba su gani ba: yaro yana sakandare yana ɗaukar kwas na jami'a, a lissafa masa shi a wuri biyu. Minnesota ta fara nata tun 1985. Namu na Ohayo sunansa College Credit Plus, ya fara aiki a 2015, kuma a kansa zan yi magana don shi na taɓa da hannuna.

Farko, ranar 1 ga Afrilu. Kafin ranar dole yaro ya miƙa wa makarantarsa takardar nuna niyyar shiga shirin a shekara mai zuwa. Ku je taron bayanin da makaranta ke kira da kanku, kada ku aiki yaro. Doka ta yarda tun daga aji 7, amma ni ban ga amfanin gaggawa ba. Ƙarshen aji 10 ya isa. Kuɗin makaranta da littattafai kyauta ne ga ɗan makarantar gwamnati da ya zaɓi kwalejin gwamnati. Motar zuwa kuwa a kanku take, don haka in ana koyar da kwas ɗin a cikin sakandaren yaron, ku ɗauki wannan.

Yanzu ga inda ake zubar da gari. Kafin yaro ya yi rajistar kwas ko ɗaya, ku zaɓi jami'ar da kuke so ya ƙarasa digirin malanta, ku shiga shafin sashen ilimi nata, ku fito da jerin kwasa-kwasan digirin a takarda. Daga wannan takarda ake zaɓe, ba daga abin da ƙawaye suka ɗauka ba. Digiri kiredit 120 ne ko sama kaɗan, abin da a jami'o'in gida ake kira yunit, kuma yawancin kwas kiredit 3 ne. Sai dai digirin malanta matsattse ne kamar rigar aro, kusan kowane gurbi da mai shi.

'Yar ƙanena ta gama sakandare da kiredit 27, har walima aka yi mata. Ranar da muka zauna gaban mai ba ɗalibai shawara a jami'a, matar ta ɗauki biro ja tana bin takardar layi-layi. Turanci ya shiga, ilimin halayyar ɗan Adam ya shiga. Da ta zo kan lissafi sai ta ɗago kai ta ce jami'a ta karɓa, amma mai son koyar da firamare akwai lissafinsa daban, sai ta sake. Kwas biyu na kasuwanci da ɗaya na ɗaukar hoto duk aka tura su gefe. Kiredit 15 ne suka rage mata hanya. Yarinyar ba ta ce uffan ba sai a mota: "Baba, to don me na hana kaina barci?" Ban sami amsar ba ta ba, don ni ne na ce ta kwashi duk abin da ya samu tunda kyauta ne.

"An karɓa" daban, "ya shiga digiri" daban. Ku duba shafin Transferology, wanda ke nuna kwas ɗin da kowace jami'a ke karɓa, ku nemi kwas da ke cikin Ohio Transfer 36, waɗanda jami'o'in gwamnatin jihar ke karɓa a tsakaninsu. Duk da haka ku aika wa sashen ilimin imel da sunan kwas da lambarsa, ku ajiye amsar. Maganar waya ba ta zama shaida. Kuma tun yanzu yaro ya faɗi su wa yake son koyarwa, ƙanana ko 'yan sakandare, don lasin ba ɗaya ba ne, kwas ɗin ma haka.

Zangon farko kwas ɗaya tak, rubutun Turanci. Iyakar shekara kiredit 30 ne haɗe da darussan sakandare, amma ba gasa ake ba. Sakamakon nan yana zama a takardar jami'a har abada, kuma sashen ilimi zai duba maki kafin ya ɗauki yaro. In ya faɗi, ko ya janye bayan kwana 14 da fara kwas, hukumar makaranta na iya neman ku biya kuɗin, sai fa in an tantance gidan a cikin masu ƙaramin ƙarfi. Matsakaicin maki (GPA) da ya gaza 2.0 yana jawo takunkumi a shirin. Malamin kwaleji kuma ba zai kira ka ya ce ɗanka bai kawo aiki ba; ka sa yaron ya buɗe maka shafinsa duk Juma'a.

Kwas na biyu ya zama na gabatarwar aikin koyarwa, wanda ake tura ɗalibi ya zauna a bayan aji yana kallo. Gara ya gane tun yana ɗan 17 ko zai iya da surutun yara ashirin da biyar. In makarantarsu na da ƙungiyar Educators Rising ta ɗalibai masu sha'awar malanta, ya shiga.

Saura sananne ne. A aji 12 ku cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ku sa kwalejin ta aika wa jami'a takardar sakamako kai tsaye, don ta sakandare ba ta wadatarwa. Za a yi muku tallar TEACH Grant, tallafin gwamnati ga masu karatun malanta, kusan dala 4,000 a shekara. Ku karanta sharaɗin: koyarwar shekara huɗu cikin takwas, a fannin da ake ƙarancin malamai, a makarantar talakawa. Wanda ya saɓa, tallafin ya rikiɗe ya zama bashi mai kuɗin ruwa. Daga nan sai dangwala yatsa don binciken laifi, koyarwar gwaji zango guda, da jarrabawar malamai ta jihar, wato OAE, kafin lasin ya fito.